Ko Ruwa Bai Sha Ba

Alhaji Ikirama ya ce ba zai sake sauraron maganar auren ba sai Issoufou ya dafa Alƙur'ani.

Abin da ya kawo haka gajere ne. Fahad, ɗan wan Alhaji, wanda ya daɗe yana son Najiba, 'yar Alhajin, ita kuwa ba ta sonsa, ya ce da idonsa ya ga Issoufou yana ajiye da wata mata a unguwar PK8, har da ɗa a tsakaninsu. Issoufou direban taksi ne, bai daɗe da zuwa wannan ƙasa ta bakin teku daga Maraɗi ba, motar ma ba tasa ba ce. Fahad kuwa shagunan butik biyu gare shi da mota ta kansa. Alhaji bai tsaya dogon bincike ba. Ya hana 'yarsa ganin direban, ya hana ta kiransa, sai ranar da ya rantse.

Ranar ta zo, Asabar bayan la'asar, a falon gidan Alhaji da ke unguwar Sotega. Liman yana zaune da Alƙur'ani a kan cinyarsa. Fahad ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Najiba da mahaifiyarta, Hajiya Kaltoumi, suna bayan labule.

Issoufou ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da kujeru. Aka ajiye masa ruwa da lemo. Bai ko kalle su ba. Mai neman aure ba ya ci, ba ya sha a gaban suruki. Alhaji ma sai da ya ɗan gyaɗa kai.

"Kana da alwala?" in ji Liman.

"Ina da ita, Allah gafarta Malam."

"Ka san nauyin abin da za ka dafa?"

"Na sani."

Ya dafa. Ya ce wallahi, tallahi, ba shi da mace a PK8 ko a wani wuri, ba shi da ɗa, bai taɓa yi ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Sai dai hannunsa na hagu yana ta sosa wuya.

Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ba a kai ga shafawa ba Fahad ya sauke ƙafa.

"Baffa, ku dubi bakinsa."

Suka duba. Leɓen Issoufou na sama ya cika kamar an hura shi. Na ƙasa yana binsa. Fatar idonsa ta yi nauyi, wuyansa ya tashi rudu-rudu har cikin riga.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Liman, ya janye Alƙur'anin zuwa ƙirjinsa.

"Ta kama shi!" Fahad ya miƙe tsaye. "Rantsuwa ta kama shi tun bai tashi daga wurin ba! Baffa, me na gaya maka?"

Issoufou ya buɗe baki zai yi magana. Abin da ya fito wani siririn fito ne, kamar iska a bakin kwalba.

Najiba ta san wannan sautin. Ma'aikaciyar jinya ce, a Rabat ta yi karatu, a wani kilinik take aiki a cikin gari. Ta ture labule ta fito, ko mayafi babu.

"Koma ciki!" Alhaji ya daka mata tsawa.

"Baba, maƙogwaronsa yana rufewa."

"A ba ni ruwan can in tofa masa," in ji Liman.

"Kada a ba shi komai ta baki, Malam. Ba zai wuce ba." Ta juya. "Yaya Fahad, ina makullin motarka?"

"Ni? In ɗauki wanda Alƙur'ani ya buga, in sa shi a motata?"

"In ya mutu a falon nan, 'yan sanda ba Alƙur'ani za su tambaya ba. Mu za su tambaya. Da kat-sejur ɗin kowa za su fara."

Fahad ya riga kowa isa ƙofa. Takardarsa ta izinin zama a ƙasar ta ƙare tun bara, gidan duka an sani.

A hanya ta sa Issoufou ya jingina, tana kiran sunansa kada ya yi shiru, tana yi wa Fahad tsawa ya bi ta bayan kasuwa. Tun daga bakin ƙofar kilinik ta ƙwala kira a kawo allurar adirenalin. Ba ta jira an cire masa wando ba, ta soka masa allurar a cinya ta saman yadi.

Fiton ya ragu. Ya koma tari. Tarin ya koma numfashi.

*

Likitar da ke aiki ran nan Dokta Elizabeth ce, 'yar Jos, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Ta sa masa ruwa, ta haska maƙogwaronsa, ta ce zai kwana, don irin wannan yakan lafa ya dawo.

"Malam, me ka ci?"

"Ban ci komai ba," in ji Issoufou da ƙyar, leɓensa bai gama sauka ba.

Dokta ta dube shi, ta dubi Najiba. "To. Idan kun gama shawara a kan abin da bai ci ba, ku kira ni." Ta ja ƙofa.

Najiba ta zauna a kujerar gefen gado. Su biyu sun san abin da ya ci. Ta san bai sa komai a cikinsa ba tun safe saboda fargaba. Da ta taso daga aiki ta tsaya a karfur, mahaɗar titin unguwa, inda ya ajiye taksinsa, ta miƙa masa kula ta taga. Shinkafa ce da miyar ganyen rogo, da hannunta ta dafa da asuba. Ya yi loma kaɗan a tsaitsaye, ya kurkure baki, ya nufi gidansu. Ita ta zagaya ta ƙofar baya.

"Ka taɓa cin kirebet?" ta tambaye shi.

"Mene ne shi?"

"Jatan lande. Busasshe, dakakke. Shi na sa a miyar."

"A Maraɗi ina muka ga teku? Tun da na zo garin nan wajen mai tuwon tasha nake ci."

"Fara fa?"

"Fara ba ta sona. Tun ina yaro in na ci sai jikina ya yi ta ƙaiƙayi. Inna ta hana ni."

"Ka ga. Borin jini ne. Fara da kirebet dangi ne a wajen jikinka, ba ya bambance su. Da ya ji su sai ya ɗauka maƙiyi ne ya shigo, ya tayar da yaƙi. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya tsiyayo cikin nama, nama ya kumbura. Leɓe ya kumbura ba komai. Maƙogwaro ya kumbura, shi ke nan." Ta dube shi ido cikin ido. "Ni na kusa kashe ka, Issoufou. Ba rantsuwa ba."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, bakin ya ƙi. "Miyar ta yi daɗi."

"Ba wasa nake ba. Gobe zan gaya wa Baba."

Ya yunƙura zai tashi, ta nuna masa allurar ruwan da ke hannunsa, ya koma.

"Kada ki yi, Najiba. Ya hana ki ganina. In kin faɗa, kin ce kin taka maganarsa, kin tsaya da namiji a titi, kin ba shi abinci a mota. Kin san bakin mutanenmu. Gara a ce ni maƙaryaci ne da a ce ke ce marar kunya."

"Gara wa?"

"Gara mini."

"Ni fa? In zauna in kalli ana kai ni gidan Yaya Fahad, ina riƙe da sunana mai kyau? Me zan dafa da shi?"

Hawaye suka zubo masa ta cikin kumburarren ido. "Ni baƙo ne, ba ni da kowa. In abin ya ɓaci sai in koma gida. Ke nan aka haife ki."

"Shi ya sa na fi ka sanin garin." Ta miƙe. "Ka kwanta. In ka ji wuya yana ƙaiƙayi ka danna wannan, kada ka yi kara. Karar nan taka ta ishe ni yau."

*

Da safe ta tarar da mahaifiyarta a kicin, idanu jajur.

"Ba ki runtsa ba, Inna."

"Ina na ga barci? Tun jiya waya ba ta huta ba. Har daga can bakin ruwa, Port Môle, an kira ni. Wai da gaske ne bakinsa ya kai ƙirji?" Ta share ido da bakin zane. "Najiba, ki dubi Allah ki dube ni. Na so yaron nan, wallahi na so shi, yana da ladabi. Amma abin da aka gani da ido fa? Ki haƙura da shi. Fahad jininki ne, ba zai wulaƙanta ki ba."

"Inna, abinci ne ya yi masa haka."

"Wane abinci? Ko ruwa bai sha ba a gidan nan! Ni na kai, ni na ɗauke, yadda na ajiye haka na tarar."

"Ba a gidan nan ya ci ba."

Hajiya Kaltoumi ta dubi 'yarta. Ta dubi inda shuɗiyar kular abinci take zama a kan kanta, ta ga babu. Ta zauna a kan turmi.

"Na shiga uku. Najiba, ke?"

"Ni."

"Rufa mini asiri, kada babanki ya ji. Zai ce ni na ɗaure miki gindi. Shekara nawa ina alfahari da ke, an kai ki ƙasar Larabawa kin dawo ba wanda ya taɓa jin kanki. Yanzu a kan direba za ki zubar?"

"In na yi shiru, an yi wa mutum ƙazafi da miyata. Kina so in kwana da wannan?"

"Ina so ki kwana a gidan ubanki da mutuncinki!"

Najiba ta durƙusa ta kama hannunta. "Ki yafe mini. Amma zan shiga."

Alhaji yana falo yana shan shayi, Fahad a gefensa. Tun sassafe ya zo gaisuwa, abin da bai saba ba. Ta durƙusa ta gaishe su. Alhaji ya amsa a taƙaice.

"Ya mai jiki?" in ji Fahad. "Ku daina ɓata masa allura. Wanzami za a kira ya yi masa ƙaho, a zuƙe mataccen jinin. Sannan ya zo ya nemi gafara."

"Babu mataccen jini a leɓensa, Yaya. Ruwa ne ya taru, kuma ya sauka." Ta juya ga mahaifinta. "Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Lokacin da kake tuƙa babbar motar kamiyo zuwa garin Bitam, ka dawo ƙafarka ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Me mutane suka ce?"

Alhaji ya ajiye kofi. "Sun ce sammu na taka."

"Wa suka ce ya yi?"

"Abokin cinikina."

"Da aka haska ƙafar fa?"

Ita da kanta ta amsa. "Gudan jini ne ya daskare a jijiya saboda dogon zama a mota. Ya toshe hanya, jini ya kasa komowa, ƙafa ta cika. Da ka tsaya wajen masu cire sammu, da gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Har yau kana shan maganin da ke hana jini daskarewa. Mutumin da aka zarga kuwa ya rasu ba ku shirya ba."

"Kada ki kawo mini matattu cikin maganar nan," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba don in ɓata maka rai ba ne. Kumburi iri-iri ne, Baba. Naka jini ne ya tsaya. Nasa abinci ne jikinsa ya ƙi. Babu wanda ya zo da sunan mai laifi a rubuce."

Fahad ya yi dariya. "Wane abinci kuma? Muna zaune, ko ruwa bai sha ba."

"Ni na ba shi. A karfur, kafin ya shigo. Miyar ganyen rogo da kirebet."

Daga kicin aka ji kukan Hajiya.

Alhaji ya daɗe yana kallonta. "Na hana ki ganinsa."

"Ka hana."

"Kika gan shi."

"Na gan shi. Na yi laifi, ban zo in kare kaina ba. Duk hukuncin da ka yanke mini na ɗauka. Amma laifina ne, ba nasa ba, kuma ba na Alƙur'ani ba."

"Baffa, ƙarya take yi ta cece shi," in ji Fahad. "Wa kirebet ya taɓa kumburawa? Ni jiya ma na ci. In gaskiya ne, abu mai sauƙi. A sake dafa miyar, ya zo nan ya ci a gabanka. Mu gani."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Wannan magana ce. Ni ban san takardar likita ba. Idona na sani. Ya ci a gabana."

"Ba zai ci ba."

"Ke za ki hana?"

"Ni. Na biyu yakan fi na farko muni, ba lalle mu isa kilinik ba. Ka duba shari'ar da Yaya ya kawo, Baba. In ya ci ya rayu lafiya, maƙaryaci ne. In ya mutu, ya yi gaskiya. To wa za ka ba ni, gawar?"

"A bakinki kike cewa in ba ki?" Alhaji ya buga hannun kujera. "Karatun da na biya ke nan?"

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye ba. "Idonka kake so ya gani, zai gani. Akwai gwajin da ake yi a fatar hannu. Ɗigo ɗaya, a ɗan tsaga fata, a gaban likita, allura tana kusa. Sai dai ba yanzu ba. Jikinsa ya gama yaƙi, an kuma cika shi da magani. In an yi yau ba abin da zai nuna. Sai ya huta wasu makonni."

"Ka ji ko?" in ji Fahad. "Lokaci take saya masa ya gudu."

"In ya gudu ka huta, Yaya."

Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga. "Zan je. Zan duba da idona. In hannun bai nuna komai ba, a ranar zan ba Fahad aurenki, kuma ba na son jin ko tari daga bakinki. Kin yarda?"

Ta san gwajin fata yakan ƙi nunawa wani lokaci, ko ga mai ciwon. Ta san ba ta da wani abin da za ta ajiye a gabansa.

"Na yarda."

"Kafin nan, daga aiki sai gida. Ni zan kai ki, ni zan ɗauko ki."

*

Makonnin ba su yi wa kowa daɗi ba.

Issoufou ya koma kan hanyar PK8. 'Yan kasuwar da suka saba jiransa da safe suka koma shiga wata motar. Wani dattijo ya buɗe ƙofa, ya ga fuskarsa, ya rufe ya ce Allah ya tsare. A masallacin Juma'a sahu yakan yi ɗan faɗi a gefensa. 'Yan gari waɗanda ba Hausawa ba ne kawai ke shiga motarsa, su ba su san komai ba sai kuɗin mota.

Fahad kuwa bakinsa bai huta ba. A butik, a wajen mai shayi, a wajen suna, labari ɗaya: yadda ya ga leɓe yana tashi tun hannu yana kan Littafi. Kullum leɓen ƙara girma yake a bakinsa. "Wannan abu ba a wasa da shi," yakan ce. "Nan take yake kamawa. Ni na gani."

Najiba ba ta kira Issoufou ba ko sau ɗaya. Ta riga ta taka magana ɗaya, ba za ta ƙara ba. Ta bar wa Dokta Elizabeth saƙo ta gaya masa ranar, ta kuma gaya masa kada ya sha maganin ƙaiƙayi ko na mura kafin nan. A mota ita da mahaifinta ba mai cewa uffan, daga Sotega har ƙofar kilinik.

Ranar gwaji ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Alhaji ya shigo ofishin Dokta da lema a hannu, Fahad a bayansa. Issoufou ya riga su zuwa. Ya rame. Ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Alhaji. An zo lahiya?"

"Lafiya. Tashi ka zauna, ba gidana ba ne."

Dokta Elizabeth ta jera kayanta a faranti, allurar adirenalin a gefe inda kowa zai gani. "Baba, ga yadda za a yi. Ɗigo uku a hannunsa. Wannan ruwan gishiri ne, bai kamata ya yi komai ba. Wannan magani ne da ke tayar da fatar kowa, don mu san fatar tana amsawa. Wannan na ƙarshe shi ne kirebet."

"Wa ya san abin da kuka zuba a ciki?" in ji Fahad. "Ita ma a nan take aiki."

"Ka yi gaskiya, ɗan'uwa," in ji Dokta. "Naɗe hannun rigarka. Kwalba ɗaya, hannu biyu."

Fahad ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Naɗe mana." Sannan ya fara naɗe nasa.

"Ban da kai, Baba," in ji Najiba daga bakin ƙofa. Maganarta ta farko ke nan gare shi a ranar. "Ba a tsaga ka in ba dole ba. Jininka ba ya saurin tsayawa."

Ya harare ta, amma ya sauke hannun rigar.

Dokta ta ɗiga, ta tsaga da bakin allura, ta ɗiga, ta tsaga. Ta yi wa kowane ɗigo alama da biro. Ta ce a jira, kada wanda ya sosa.

Suka jira. Ruwa yana dukan kwano. Alhaji ya sa tabarau, ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa teburin.

Ɗigo na biyu ya tashi a hannun duka biyun, ƙanƙane kamar cizon sauro. Na uku shiru.

Fahad ya fara murmushi. "Baffa, ruwan nan zai tare mu. Mu tafi ko?"

Najiba ba ta kalli hannun ba. Fuskar Issoufou take kallo. Ta ga ya ciji leɓe, ta ga yatsunsa na dama suna motsi a kan gwiwa suna neman abin sosawa.

"Dokta," ya ce a hankali, "yana ci na."

Wajen alama ta uku fatar ta ɗago. Ta yi fari-fari a tsakiya, ta yi tudu, ta faɗaɗa har ta wuce girman ƙwayar gyaɗa, ta fara miƙa 'yan ƙafafu gefe. Alhaji ya sunkuya har tabaransa ya kusa taɓa ta. Ya juya ga hannun Fahad. Sumul. Ya sa yatsa ya shafa wurin, ya koma ya dubi na Issoufou.

"Numfashi fa?" in ji Dokta.

"Lahiya lau."

Ta goge hannun, ta ba shi ƙwaya ya haɗiya. "Malam, kai da kirebet da ƙaguwa da fara har abada. In an ba ka abinci ka tambaya me ke ciki, ko wace ce ta dafa."

Fahad ya sauke hannun rigarsa. "To, mun gani. Kirebet ba ya sonsa. Sai me? Wannan bai ce ba shi da mace a PK8 ba."

"Gaskiya ne," in ji Najiba. "Fata ba ta san wannan ba."

Issoufou ya ɗago ya dube ta.

Alhaji ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. "Shi dai ya dafa Alƙur'ani, kuma yanzu na ga ba dafawar ce ta kumbura shi ba. Rantsuwarsa tana nan a tsaye. Saura taka."

"Tawa, Baffa?"

"Kai ka ce da idonka ka gani. Mu je gida, in aika a kira Liman. Ka yi alwala ka dafa yadda ya dafa. Ka ci abinci ko ba ka ci ba, duk ɗaya ne, mun ga kirebet ba ya tayar da fatarka."

Fahad ya yi 'yar dariya, ba wanda ya taya shi. Hannunsa ya tafi bakinsa, ya shafa leɓe, ya sauke da sauri.

"Baffa, ai tsakanina da kai ba sai an kai ga haka ba."

"Tsakanina da shi an kai."

"Ni dai... ba wai na shiga ɗakin ba ne. Wani yaron tasha ne ya ce ya ga motarsa a wajen. Kuma an ce..."

"Da idonka, ka ce."

Fahad ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya ɗauki lemarsa. Ya tsaya a gaban Issoufou, wanda ya riga ya sake zamewa ƙasa.

"Kana da manya a garin nan?"

"Sai mai gidana, Alhaji. Kawuna yana Maraɗi."

"Mai gidan naka ya zo. Kawun a kira shi a waya. Kuma Juma'a ka tsaya kusa da ni a sahu."

Issoufou ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Dokta ta juya tana gyara faranti da ba ya buƙatar gyara.

A bakin ƙofa Najiba ta durƙusa. "Na gode, Baba."

Bai dube ta ba. Ya buɗe lema.

"Shi na wanke. Shi aka zalunta, na biya shi. Ke kuwa kin taka maganata, kin kuma tsaya a falona kin tuna mini da mamaci a gaban yaro. Zan ba shi ke, don na ce zan duba da idona kuma na duba. Amma ban yafe ba tukuna."

"Zan jira."

"Ki jira." Ya miƙa lemar ta rufe su biyu. "Tashi mu je, uwarki tana can ta ƙi cin abinci."